Katin da Inna Ta Ɗora a Kan Damin Dawa

Mahaifiyata, Ladi, ta rasu a bazarar da ta wuce. Sankarar jini ce. Ni na yi jinyarta tun daga zazzaɓin farko har ranar da na rufe mata ido, kuma ina rubuta wannan ne saboda duk wanda aka sallamo nasa daga asibiti aka ce masa ya dawo rana kaza.

Sunana Hannatu. Ina koyarwa a firamaren ƙauyenmu, can gaba da Tsanyawa, shi ya sa Inna take kirana Malama, rabi girmamawa rabi tsiya. Takan ce ni ko ruwa aka aike ni sai na tsaya kallon gajimare. Ba ƙarya ta yi ba.

A noman farko abin ya soma. Inna ba ta san zama ba. Bayan aikin gandu tana da gayaunarta ta gyaɗa da kuɓewa a bayan gida, kuma ba ta yarda kowa ya sa mata fartanya. Ran nan na taso daga makaranta na tarar da ita zaune a kan kunya, fartanya a yashe, tana juya tafin hannunta.

"Malama, zo ki gani," in ji ta. "Hannuna ya yi fari kamar na matar gwamna."

Muka yi dariya. Da na kama hannun na ɗaga ta, sai na ji numfashinta kamar wadda ta yi gudu.

Mako na biyu zazzaɓi ya zo. Mai kemis a Tsanyawa ya ce maleriya ce, ya yi mata allura uku. Zazzaɓin ya tafi kwana biyu ya dawo, ya ce to taifot ce. A mako na uku in ta yi asuwaki sai ya fito ja. Wasu tabo baƙi-baƙi suka fito mata a cinya da damtse, har wata mata ta ja ni gefe a bakin rijiya ta tambaye ni ko Baba ya fara duka da tsufansa. Baba, wanda ko akuya ce ta shiga masa gona lallashinta yake ta fita.

Kowa ya zama likita. Aka ce jini ne ya yi ƙasa, a ba ta zoɓo. Aka ce jiƙon karan dafi. Aka kawo hanta, aka kawo manja a cokali. Duk wani abu mai ja a ƙauyenmu sai da Inna ta sha shi, ita kuwa sai ƙara fari take yi. Sai da ta faɗi a tsakar gida da tulu a ka, mako na biyar ke nan, sannan muka kai ta asibitin ƙaramar hukuma. Mai awon jini ya ɗiba, ya dawo ya sake ɗiba. Aka ba mu takarda aka ce mu wuce birni, kada mu koma gida.

A unguwar Bacirawa muka sauka, gidan Gwaggo Asabe, ƙanwar Baba. Mu Kirista ne, ita ta musulunta tun tana budurwa, mijinta Alhaji yana sayar da hatsi a kasuwar Dawanau. Ita da Inna ba sa haɗuwa ba su yi tsiya ba, irin ta ƙanwar miji da matar wa. Ranar da ta ga an shigo da Inna a riƙe, ba ta yi tsiyar ba. Ta shimfiɗa mata katifarta, ta fita tsakar gida ta daɗe tana wanke kwanon da yake a wanke.

Ba zan gaji mai karatu da layukan babban asibiti ba. Layin kati daban, na biya daban, na ɗibar jini daban, kuma in ka kai gaba sai a ce takardar da ke hannunka ba ita ba ce. Kwana tara muna wannan. A ƙarshe suka kwantar da ita ruf da ciki, suka huda ƙashin ƙugunta suka zuƙo ɓargo. Inna da ta haifi bakwai ba ta yi kuka ba, ranar ta kira sunan uwarta.

Likitar jini mace ce, gajera, mai tabarau, kullum kamar ba ta yi barci ba. Zan kira ta Likita kawai. Ta zaunar da mu ta faɗi sunan cutar. Sai ta tambayi Inna, "Mama, a garinku da me kuke girki?"

"Da kara mana. Ina muka ga itace? Kowace bishiya da mai ita, kuma yana kallonta."

"Madalla. To ki saurara."

Ta ce jikin mutum ƙwayoyi ne ƙanana da ido ba ya gani, kuma kowace ƙwaya tana da murhunta, ba ma ɗaya ba. A nan ake ƙona abincin da mutum ya ci ya zama ƙarfi. Ta faɗi sunan murhun, mitokondiriya, na rubuta shi a bayan takardar magani don ya yi min kama da sunan wata ƙasa mai nisa da ruwa ya kewaye. Ta ce miyagun ƙwayoyi sun cika wa Inna ɓargo, sun hana shi yin jini mai kyau. Yawancinsu haɗama gare su, suna cin sukarin jiki da gaggawa kamar wutar kara, ta tashi bal-bal, ta cinye, ta nemi ƙari. Maganin da za a ba ta, kemo, yana kama su ne suna cikin hayayyafa, ya lalata su, ya fasa musu murhu, wutar ta mutu, ƙwayar ta bi ta.

"Amma magani ba shi da ido, Mama. Zai taɓa naki murhun ma. Za ki ji kamar an zare miki laka. Kada ki ce mutuwa ce, aiki ne yake yi."

Daga nan ta juyo kaina ta cire tabarau.

"Ke ce 'yar makaranta, ki riƙe wannan. Ba dukkansu ne wutar kara ba. Akwai waɗanda suka laɓe can cikin ɓargo, ba sa hanzari. Kin san busasshen kashin shanu in an rufe shi da toka? Ba hayaƙi, ba harshe, amma sa hannu ki ji. Haka suke. In sukari ya yi wuya sai su koma cin kitse, a hankali. Zagayen farko yakan wuce su. Shi ya sa ba sau ɗaya ake yi ba, sai an maimaita, an maimaita. Ranar da zan ce muku jini ya yi kyau, ita na fi jin tsoro, domin daga ranar mutane suke ɓace min."

Na ce, "Mu ba za mu ɓace ba, Likita." Har da ɗan jin haushi na faɗa.

Aka kwantar da Inna lokacin da gero ya fara fitar da kai. Baba ya sayar da tumaki biyu, sannan ya sayar da ɗaya daga cikin shanun huɗa, wanda daidai yake da sayar da duka biyun, don sa ɗaya ba ya jan garma. Rabin magungunan babu su a kantin asibiti, sai na fita gari nema da takarda a hannu. Ranar da aka ɗaura mata ruwan kemo na farko, wani ja ne a cikin leda, Inna ta ɗaga ido ta ce, "Oho, ashe nan ma zoɓon ne."

Wannan ce tsiyarta ta ƙarshe na tsawon makonni.

Makon farko amai. Mako na biyu bakinta ya yi gyambo har ruwa yana yi mata zafi. Wata safiya na kwance mata kallabi, kitson ya biyo kallabin. Amma abin da ya fi ba ni tsoro shi ne rashin ƙarfin. Ba gajiyar manomi ba ce, wadda in an kwanta take tafiya. Inna takan kalli kofin da ke kusa da hannunta ta yi ta kallo, kamar yana ƙetaren kogi. In na ɗago ta sai in ji ta kamar zanin da aka jiƙa. Nakan zauna a gefen gado in yi tunanin ɗaruruwan ƙauyuka a cikin jikinta, ana bi gida-gida ana kashe wuta, na ɓarawo da na mai gida, ba a tambaya.

Masu dubiya sun zo, kuma Allah Ya saka musu. Da aka ce ana neman jini, maza goma sha wani abu suka cika bas daga ƙauyenmu, wasu ba su taɓa shiga birni ba, suka miƙa hannu. Alhaji ya kawo abokan kasuwarsa. Zumuntar matan cocinmu suka yi ta aiko da fura da gari, ƙarƙashin gadon Inna ya cika da kwanuka. Amma duk wanda ya leƙa ya gan ta, in ya fito baranda sai ya ce, "Wannan magani ne ko guba?" Wani kawunmu ya ce da Baba a gabana, "Da ƙafarta ta shigo, ka tuna." Baba ya murza hularsa.

Akwai nas ɗin da ta daka min tsawa don na ce ruwa ya ƙare, ta ce ba Innata kaɗai ce a duniya ba. Akwai kuma wadda take zuwa da zuma daga gidanta tana shafa wa Inna a leɓe. Su biyun kaya iri ɗaya suke sawa.

A mako na shida Inna ta ce tana son tuwon dawa da miyar kuka, kuma kada Asabe ta yi, don ba ta iya kaɗa kuka ba. Gwaggo ta ji, ta ce, "Alhamdu lillahi, bakin ya dawo, saura mutuncin." Aka sake huda ƙugu. Likita ta zo da takarda ta ce ba su ga komai ba, jini ya yi kyau. Ta rubuta rana a katin Inna, Alhamis ta mako uku masu zuwa, ta ja layi biyu a ƙarƙashi.

"Hutu na ba ki, Mama, ba sallama ba. Ki je ki ci ki yi ƙarfi, ki dawo mu ci gaba."

Muka koma gida ana tsakiyar kaka. An girbe gero, dawa ta sunkuya. Ƙarfin Inna ya dawo kamar ruwa a rijiya bayan an yashe ta. Kwana goma sai ga ta a roron wake. Mutane suna tsayawa a hanya suna kallonta, waɗanda suka gan ta a gadon asibiti suna kama baki.

A cocinmu akwai ranar godiyar kaka. Kowane gida yakan ɗauko dami, na gero ko na dawa, a shiga da shi a ka ana rawa har gaban bagade, inda Fasto yake tsayawa. Wanda Ubangiji Ya yi wa wani babban abu a shekarar yakan tsaya ya ba da shaida, wani lokaci ya ajiye abin wahalarsa a kan damin. Na ga wanda ya karye ya ajiye sandarsa. Na ga wadda mijinta ya bar giya ta ajiye ƙwaryar da yake sha da ita. Abin da aka ajiye a wurin, ba a komawa a ɗauka.

Mama Tabita, shugabar zumuntar mata, ta zo gidanmu ta ce bana shaidar Ladi ce babba, kuma tunda ni nake rubuta musu waƙoƙi, in rubuta wadda za a raka ta da ita. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Kwana biyu ina yawo a bakin gona ina haɗa ta. Ga yadda ta fara:

Wuta ta ci gona ta bar mana Ladi,
Hayaƙi ya wuce, gari ya washe.
Wanda Ya hura rai Shi Ya kashe wutar,
Ku ɗauko dami, mata, mu je mu gode.

Na sa baiti na ƙarshe saboda maganar Likita:

Amma toka ba ta huce ba tukuna,
Ku raka ta hanya, da sauran tafiya.

Ranar gwaji, da aka zo nan, Mama Tabita ta ɗaga hannu aka tsai da ganga.

"Hannatu 'yata, wace irin godiya ce da amma? So kike mu tsaya gaban Ubangiji mu ce Masa mun gode amma?"

Mata suka fashe da dariya. Ni ma na yi. Da ma tun a bakin gona na ji baitin yana ɗingishi, yana jan waƙar ƙasa a daidai inda ya kamata ta tashi sama. Ba wanda ya tilasta min. Na zaro biro na soke shi, waƙar ta yi kyau.

Lahadin godiya ta faɗo saura kwana huɗu ranar asibiti. Inna ta ƙi yarda kowa ya ɗaukar mata damin. Ta ɗora shi a kan sabon gashinta da bai fi na jariri ba, ta shigo tana rawa, mata na biye da waƙata, guɗa ta ko'ina. Ta sauke, ta juyo ta ba da labari tun daga fartanya har gadon asibiti, mutane na share hawaye. Sai na ga ta kwance haɓar zaninta. Ta fito da katin asibiti, ta ɗaga shi kowa ya gani, ta ɗora a kan damin dawa.

"Wannan ma na ba Ubangiji," in ji ta. "Ni da asibiti kuma, sai dai in je gai da wani."

Cocin ya ɗauka. Ina tsaye cikin mawaƙa, na san abin da ke rubuce a katin nan, na san layi biyun da aka ja. Na tafa. Kowa yana tafi, ana rera abin da na rubuta, na tafa tare da su.

Ran Laraba da hantsi na ɗauko jaka na fara haɗa kaya. Inna tana tankaɗe a ƙofar ɗaki.

"Ina zuwa, Malama?"

"Gobe ce ranarmu, Inna."

"Ranar wa?"

"Kati ba komai ba ne, in mun je za su ba mu wani."

"Na san za su ba mu wani katin. Wani bakin fa, za su ba ni? Da wannan na tsaya gaban jama'a." Ta buga rariya a tafin hannunta. "In shiga bas gobe a ce ina Ladi za ta, a ce asibiti. Wato Ubangiji rabin aiki Ya yi."

Na fara yi mata bayanin ƙwayoyin da suka laɓe, da toka, da kitse. Ta bar ni na gama.

"Ba ke kika rubuta an kashe wutar ba? Ko ƙarya kika sa mata suka rera?"

Na je wurin Baba yana ɗaurin kara. Ya ce, "Ki bar ta ta ƙara murmurewa. Kin ga yadda abin nan ya mai da ita. Bayan Kirsimeti sai a gani." Yana magana idonsa na kan rumbu. Ban ga laifinsa ba a lokacin. Zagaye na biyu zai cinye abin da ke ciki kafin a rufe shi.

Na je wurin Fasto. Ya ce, "A'a, ta koma mana, ai Allah ne Ya ba likitoci sani." Gaskiya ya faɗa, amma a zaurensa ya faɗa, ni kaɗai na ji. Ran Lahadi a kan bagade, labarin bangaskiyar Ladi ya bayar.

Gwaggo Asabe ta zo ranar kasuwar Tsanyawa, ko mayafi ba ta cire ba ta fara.

"Ladi, an ce kin ba Allah kati."

"Na ba Shi."

"To ai Ya iya karatu. Ya ga an rubuta ki dawo ran Alhamis."

"Asabe, kada ki yi saɓo a gidana."

"Saɓo? Ni na wanke miki amai wata biyu. Alhaji ya bi mutane rumfa-rumfa yana roƙon jini. Wallahi jinin Dawanau ne rabin abin da ke jikinki, ina da ta cewa."

"To zo ki zuƙe abinku."

Suka yi kaca-kaca. Gwaggo ta tafi ba ta ci abinci ba. A bakin hanya ta ce da ni, "Ke kuma da karatunki, me ya amfana?"

Daga asibiti an kira wayata sau biyu. Na farko na ce muna tafe mako mai zuwa. Na biyu ina cikin aji, na ga lambar, na kife wayar a kan tebur na ci gaba da koyar da jam'i.

Dole in faɗi wannan ma: watanni ukun da suka biyo baya sun yi daɗi. Inna ta yi ƙiba, gashinta ya fito baƙi wuluk mai laushi. Ta soya ƙosan Kirsimeti ta yi rawa. Matan wasu ƙauyuka suka riƙa aiko mata ta je taronsu ta ba da shaida, tana zuwa, ana rera waƙar a can ma. Har ni na fara cewa a raina wataƙila Likita tsoro ne ya yi mata yawa.

Da zafi ya fara shigowa na lura ta daina asuwaki a tsakar gida, sai a bayan ɗaki. Wata rana da la'asar ta ce in cuɗa mata baya. Na ga tabon, uku, a ƙasan kafaɗa. Na tsaya da soso a hannu.

"Na sani," in ji ta, ba ta juyo ba. "Mako biyu ke nan. Kada ki gaya wa kowa."

Ta yarda za ta koma, amma da sharaɗi. Za a ce ta tafi Bacirawa taya 'yar Gwaggo zaman jego. Ba mu bi ta gaban coci ba. Ta cikin gonaki muka yanke, tana hutawa a kowace iyaka, muka tsai da bas a inda ba tasha.

Likita ba ta yi faɗa ba. Na so ta yi. Ta dube ni ta tabarau ta ce, "Wata huɗu kuka ɓace min," ta miƙa hannu ta kama na Inna. Da sakamakon ɓargo ya fito ta kira ni ni kaɗai.

"Miyagun ƙwayoyin sun cika shi, sun fi na da. Kuma waɗannan 'ya'yan waɗanda suka tsira ne. Sun gaji halin iyayensu, sun san yadda za su riƙe wutarsu maganin ya zo ya wuce."

Ta ce akwai sabon magani da aka yi musamman don ya toshe irin wannan murhun, amma ko gonarmu aka sayar ba zai kai mu ƙarshe ba. Na tambaye ta abin da ke cina: da mun dawo ran Alhamis ɗin nan fa?

"Ba zan ce miki lalle da ta warke ba. Cutar nan muguwa ce, wasu suna yin komai daidai ta ɗauke su. Amma da muna da abin faɗa a hannu. Yanzu kaɗan ya rage."

Aka gwada da kaɗan ɗin. Baba ya buɗe rumbun da ya ji wa tsoro, ya kwashe. Wannan karon kemo ya cinye ƙarfin Inna ya bar nasu. Ko kallon kofi ta daina yi.

Ƙarƙashin gadon babu kwano ko ɗaya sai na Gwaggo. Ba wanda ya zo dubiya, don ba wanda ya san tana kwance. Aka nemi jini, mazan da suka cika bas a da suna nan a gida da jininsu, suna zaton Ladi tana wankan jariri. Na roƙe ta ta bari in kira ko mutum biyu. Ta girgiza kai. Alhaji ya sake bin rumfuna, wasu suka bayar, wasu suka ce ba da daɗewa ba suka bayar. Baba yakan zo da buhun wake a matsayin mai zuwa kasuwa, ya zauna a bakin gado ya murza hula, ya koma kafin a yi tambaya. Gwaggo ba ta sake ambatar kati ba. Ita take juya ta, ita take shafa mata mai a ƙafa, tana ce mata, "Tashi ki kaɗa kukar mana, tunda ban iya ba."

Kwana biyu kafin ta rasu, da rana tsaka, Inna ta yafito ni. Sai da na kai kunne bakinta.

"Malama. In an tambaya, zazzaɓi ne."

"Inna..."

"Akwai masu riƙe da shaidar nan. Kada ki karɓe musu. Ki ce to."

Na ce to.

Ta cika ran Talata da hantsi. Muka kai ta gida. A bakin kabari Mama Tabita ta ce, cikin kuka na gaskiya, Ubangiji Ya warkar da Ladi daga babbar cuta don Ya nuna ikonSa, sannan Ya kira ta da ɗan zazzaɓi don Ya nuna lokaci naSa ne. Jama'a suka ce amin. Gwaggo ta dube ni daga cikin mayafinta. Na sunkuyar da kai. Kwana bakwai ana zuwa gaisuwa, duk wanda ya tambaya na ce masa zazzaɓi ne.

Ina gode wa waɗanda suka ba da jini, na ƙauye da na kasuwa, da nas mai zuma, da Likita da ta gaya mana gaskiya tun ranar farko da harshen da muke ji. Gwaggo Asabe kuwa ba ni da kalmar da ta kai. Sauran, har da ni, Allah Ya gafarta mana.

Na riƙe alƙawarin Inna har damina ta faɗi. Makon jiya ina tsinke zogale a tsakar gida wata mata ta yi sallama, daga wani ƙauye gabas da mu. Ban san ta ba, ita ta san ni. Ta ce tana wurin ranar da Inna ta ba da shaida a taronsu. Mijinta ma abin jinin nan ne, an yi masa kemo sau biyu, ya sha wuya, yanzu an ce jini ya yi kyau, har ya fita shuka. An ba su rana a wata mai kamawa. Amma sun yi shawara ba za su jira kaka ba, ran Lahadi mai zuwa zai tsaya a coci ya yi yadda Mama Ladi ta yi. Ta zo ne in rubuta mata waƙar a takarda, don matan garinsu sun manta wasu baitoci.

Tana murmushi, ta riga ta miƙo min takardar da biro.

Na ture tiren zogale gefe, na jawo mata kujera.

"Zauna, Yaya," na ce. "Innata ba zazzaɓi ne ya kashe ta ba."